Malamar Aji Huɗu da Takardar Maki Goma

Shekara goma sha tara ta yi tana koyarwa a aji ɗaya, har sunanta ya ɓace, kowa sai dai ya ce Malamar aji huɗu. 'Yar tela ce. A shagon mahaifinta ta taso, inda idan ɗinki ya karkace sai a miƙa wa na kusa a ce, "Duba min nan." Ba ta taɓa ɗaukar hakan abin kunya ba.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne lissafin rabawa. Kowace shekara sai ta yi ta bayani har muryarta ta dushe, yara su ce sun gane, ranar jarrabawa kuma su kwafsa. Ta san akwai inda take kuskure, amma mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Wata Talata a ɗakin malamai ta ajiye alli ta ce, "Don Allah wani ya zo ya zauna a bayan ajina gobe, ya gaya min inda nake ɓatar da yaran nan."

Malamin aji shida, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Tsokana, ya ce, "Malama, ko an fara rabon ƙarin girma ne ba mu da labari?" Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, amma ta ciki na ciki.

Mako uku tana roƙo kafin malamar aji biyar ta yarda. Ta zo da tulin littattafan ɗalibanta, ta zauna a baya tana ta gyara, ko sau ɗaya ba ta ɗago kai ba. Da aka tashi ta ce, "Ai ba laifi, Yaya, kin yi ƙoƙari."

"Ba don yabo na kira ki ba. A ina suka daina bina?"

"Wallahi ni dai ban ga komai ba."

Labari ya kai kunnen shugaban makaranta, abin ya burge shi. Ranar Litinin sai ga takarda a manne a allon sanarwa: kowane malami zai shiga ajin abokinsa, ya ba shi maki bisa goma, a kai ofis. A taro ma har ya nuna ta ya ce shawararta ce.

Ta bi shi ofis. "Ranka ya daɗe, ba haka na ce ba. In da maki a ciki, wa zai faɗi gaskiya?"

"Malama, abin da ba a rubuta ba ai ba a yi shi ba."

Kowa ya ba kowa tara. Malamai suka daina gaishe ta da sakin fuska, in ta shigo ɗaki hira ta mutu. Sarkin Tsokana ne aka tura ajinta. Ya leƙo ta taga minti biyu, ya rubuta goma, ya ce, "Ga shi, kin fi kowa. Hankali ya kwanta?"

Zangon nan yara goma sha ɗaya cikin arba'in ne suka ci rabawa. Da ta koma gida mijinta ya ce ta haƙura, ruwan da ya daki kowa ne. Ta ce, "Ba kowa ya daka ba, yaran nan ya daka." Ta jawo takardun jarrabawar yaran ta baje a tabarma, ta fara bin kuskuren ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai.