Ranar da Na Kai Inna Bakin Kogi

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ko "waccan". Kakata ce ta raine ni har na yi aure aka kawo ni Agege. Na san kunya ce, ba ƙi ba, amma ga ni da 'ya'ya uku ina ƙishin kalma ɗaya mai daɗi daga gare ta.

Da ta zo Legas ganin jikoki, kwana biyar ta yi a ɗaki tana tsintar shinkafar da ba wanda ya sa ta. Ana gobe za ta koma na ce atafau sai ta ga gari. Ta dubi bango ta ce, "Mutane dai ba sa gajiya da yawo." Amma ta ɗauko mayafinta na sallah.

Motocin haya na danfo biyu muka hau, ta Ikeja zuwa Ojota, sannan muka ƙarasa wani wurin shaƙatawa a bakin kogi. Ga inuwa, ga kujerun siminti, ga masunta can nesa a kwale-kwale. Muna tafe a hankali saboda gwiwarta, tana bayana da taku uku. Ni ina nuna mata furanni, ita tana jimamin ciyawar da ake yankewa a zubar. "Akuyoyinmu na cin kwali," in ji ta. Da ta ga faɗin ruwan sai ta riƙe haɓa: "Duk wannan, ba mai shuka ko da albasa a gefensa?" Na yi dariya har da hawaye.

Wata Bayarbiya mai gasa masara ta tambaye ni ko mahaifiyata ce, wai kamarmu ɗaya. Da gangan na fassara wa Inna, na tsaya jiran amsa. Ta juya masarar a hannu ta ce, "Wannan ba ta gasu ba." Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Na yi gaba abina.

Akwai wata gadar katako da ta shiga cikin ruwa, inda mutane ke ɗaukar hoto. Na hau don in huce, na je can bakin ƙarshe na tsaya. Ban san ta biyo ni ba. Wani jirgin ruwa mai inji ya wuce a guje, igiyar ruwa ta daki gadar, katakon ya yi rawa. Sai na ji an damƙe mini hannu an fizgo ni tsakiya. Inna ce, matar da ko rafi ba ta taɓa shiga ba, ta koma ta tsaya ta ɓangaren ruwan.

Haka muka dawo, tana ɗingishi, hannuna a nata. Muka zauna a kujera, ta ƙura wa kogin ido tana lallatsa wuyan hannuna da babban yatsa.

"Duk ƙashi," ta ce. "A riƙa cin abinci a garin nan."

"To, Inna."

Kuka ya ƙwace mini. Ba ta kalle ni ba, ba ta kuma sake ni ba, har aka kira la'asar.