Ranar da Na Rufe wa Dije Baki

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta rage inda zancen bai yi mini daɗi ba. A unguwarmu nan Rano, in aka ce tatsuniya, Hajiya Kande ake kira. Da wannan nake taƙama tun ina yarinya.

A wani ƙauye na gefen Madachi na tashi, a ɗakin kakata ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Iya. In an gama girbi, sanyi ya fara shiga, sai Iya ta hura wuta a tsakiyar ɗakinta bayan sallar isha'i. Kowane yaro ya zo da ɗan karan dawarsa na wuta. Ta zube mana gyaɗa a tabarma, muna ɓarewa muna watsa ɓawon a garwashi, hayaƙi yana sa mu hawaye, ba wanda ke matsawa. Sai ta gyara zama ta ce, "To, wa ya zo da kunnensa?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "Wanda ya bar nasa a gida ya je ya ɗauko, ba na maimaitawa."

Iya tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Labari yana tsakiyar daɗi sai ta tsaya cak, ta hau gyaran wuta, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ni a lokacin na ɗauka jan rai ne. Ladi kuwa, 'yar ƙanin babana, sa'ata, ita ce kullum ke cika shirun nan da tambaya. "Iya, me ya sa ya koma?" "Iya, mene ne kaza?" Ni sai in mintsine ta a cinya. Iya ta ce, "Kande, na gan ki. Bar ta. Ke kin gane ne?" In ce, "Sarai." Ta ce, "To, madalla da ke," ta ci gaba.

Akwai tatsuniyar da na fi so. Wani gari ne rijiyoyinsa suka ƙafe. A gindin dutse akwai wata tsohuwa da ta san inda ruwa yake, amma ba ta faɗa sai a waƙa. Wani mutum ya aika mata 'ya'yansa mata biyu. Tsohuwa ta rera musu:

Bi giyayya, bi giyayya,
inda gara ta ɗebo ɗanyar ƙasa,
gaba biyu ƙasa da saiwa,
ruwa na kwance yana jira.

Babbar mai murya ce, ji ɗaya ta ɗauke waƙar, ta yi sallama ta koma gari. Ta tsaya a bakin rijiya ta rera, mutane suka yi ta kuka don daɗi, har aka yafa mata zane. Kwana uku tana rerawa, ko gindin tulu bai jiƙe ba. Ƙaramar kuwa ba ta da murya. Ta zauna wurin tsohuwa tana yi mata shara da daka, tana tambayar ta waƙar kalma-kalma. Da ta dawo ba ta rera komai ba. Ta ce a ɗauko dagi da kwando a biyo ta. Suka yi tafiya, ta nuna wuri, aka haƙa, ruwa ya taso.

Abin da tsohuwar ta gaya wa ƙaramar, Iya ba ta taɓa faɗa a cikin labarin ba. Cewa kawai take yi, "Ta tambaya, aka gaya mata." Sai ta yi shirun nan nata, daga baya ta kakkaɓe zane ta ce, "Nawa ya ƙare, saura naku."

Washegari ina bakin rijiya ina yi wa mata waƙar, da muryar Iya da komai, suna cewa yarinyar nan kanta kamar rumbu. Haka na girma da ita. Na rera ta a gidan miji, na rera wa 'ya'yana, na rera wa jikoki. In na kai ƙarshe sai in ce, kun ga abin da rashin ladabi ke jawowa, babbar ta tafi ba ta ko share wa tsohuwa ɗaki ba. Iyakar abin da na ɗauka ke nan.

Bara ne Malama Rabi ta zo mini. Maƙwabciyarmu ce, ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, sai ta kafa rumfa a gidanta tana tara yara kowace Asabar bayan la'asar. Ta ce yaran sun iya haɗa baƙi, suna karantawa tar, amma in ka rufe littafin ka ce me aka ce, sai su tsaya kallon ka. Shi ya sa take sa su karanta ɗan kaɗan, su rufe, su faɗa da bakinsu. Kowa da ɗan littafinsa na tara kalmomi, in ya gamu da wadda bai sani ba ya ja mata layi, ya tambaya, a tafa masa.

"A tafa wa wanda bai sani ba?" na ce. "Lallai zamani."

Ta yi dariya. Ta ce tana so ta rubuta tatsuniyoyina yara su riƙa karantawa, ni kuma in zo in ba su da baki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ta zauna na faɗa ta rubuta, ta kai aka buga a takarda. Ranar Asabar na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi.

Yara sun fi ashirin a kan tabarmi, kowa da takardarsa. Aka shimfiɗa mini darduma. Na fara, kuma wallahi ranar muryata ta fita. Na kai kan waƙar, na rera layin farko, sai na ji wata 'yar murya daga baya.

"Hajiya, mene ne giyayya?"

Wata siririyar yarinya ce, yatsanta a kan takarda inda ta ja layi. Na buɗe baki in ba ta amsa, na tarar babu komai. Kalmar da bakina ya faɗa fiye da yadda zan ƙirga, zuciyata ba ta taɓa tsayawa a kanta ba. Mutum ce? Hanya ce? Tsuntsu? Ido ashirin da wani abu a kaina, ga Malama a gefe tana murmushi, hannunta a shirye da tafi.

Na ji daga harshen yarinyar cewa Bafulatana ce. Sai na ce, "Ke 'yar gidan wa ce? A gidanku ba a koya muku a bar babba ya gama magana ba? Wanda bai ji Hausa ba ya je ya koyo kafin ya zauna gabana."

Yara suka fashe da dariya. Yarinyar ta janye yatsanta daga takardar, ta sa hannun a ƙarƙashin hijabi. Na ƙarasa tatsuniyata, aka tafa mini, na koma gida.

Asabar biyu suka wuce, sai ga Malama Rabi da hantsi. Muka gaisa, ta tambayi ƙafata, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Hajiya, Dije ta daina zuwa."

"Wace ce Dije?"

"Kin san ta." Ba ta ɗaga murya ba. "Daga hanyar Saji take takowa. A gidansu Fulatanci ake yi. Ta fi kowa iya karantawa, amma rabin abin da take karantawa ba ta san shi ba, kuma kunya ba ta barin ta ta faɗa. Tun damina nake lallashin ta. Ranar nan ce ta fara buɗe baki a gaban mutane."

Na ce yaran yanzu ba a yi musu faɗa. Ta ce haka ne. Ta tashi, ta kai bakin ƙofa, ta juyo. "Af, Hajiya, ni ma ban san kalmar ba. Na bari ne in ji daga bakinki."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kwana biyu ina cewa ba ruwana. A na uku na hau mota zuwa Kibiya, inda Ladi ta yi aure, ta tsufa, ido ya yi mata rauni amma baki yana nan. Na yi ta zagaye, na tambayi 'ya'ya, na tambayi awaki, sannan na ce, kamar abin wasa, "Ke Ladi, giyayyar nan ta waƙar Iya fa?"

Ta ajiye carbinta. "Kande. Ke da kike rera ta har a gidan suna?"

"Ki faɗa mini ko in tashi."

Ta yi dariya har da tari. "Itaciya ce, uwar iyawa. Itaciya. Ba ta tsirowa sai inda ƙasa ke da damshi, shi ya sa aka ce a bi ta. Washegarin da Iya ta fara ba mu labarin na tambaye ta, ta kama hannuna ta kai ni bakin fadama, ta sa na murza ganyen na shinshina." Ta ɗauki carbinta. "Iya ta ce in kira ki mu tafi tare. Na zo na same ki a bakin rijiya, kika ce in matsa ina tare miki mutane."

Ban tuna ba, amma na san na faɗa. Irin maganata ce.

Muka taka a hankali, ni da ciwon ƙafa ita da sanda, har bayan garinsu. Ta lalubi wata itaciya mai ƙananan ganye da 'ya'ya dunƙule-dunƙule, ta ce ga ta. Na sha ganin irinta. Na sha wucewa ta gindinta da tulu a kai. Na karyo reshe na ƙulle a gefen mayafi.

Gidan su Dije na nufa washegari. Uwarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono, ba ta nuna ta san komai ba, wannan ma ya ƙara mini nauyi. Aka kira yarinyar, ta durƙusa nesa. Na kwance reshen na miƙa mata.

"Ga abin da kika tambaya."

Ta juya shi, ta dubi uwarta, ta faɗi wata kalma da Fulatanci. Uwar ta ce, "Ai ta san ta, Hajiya. A gindinta suke shayar da shanu da rani. Sunanta na Hausa ne ba ta sani ba."

Wato ita ta san itacen ba ta san sunan ba, ni na san sunan ban san itacen ba, kuma ni ce na kore ta ta je ta koyo. Na ce wa uwar ta yi haƙuri ta bar ta ta dawo. Ban iya ce wa yarinyar komai ba. Na yi niyya, harshena ya ƙi.

Ta dawo. Amma Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo, Dije ba ta magana. Tana zama a baya, in tana da tambaya sai ta rubuta a guntuwar takarda, in an tashi ta ajiye wa Malama ta gudu. Malama ta ce mini a hankali za ta sake. Ni na san ba lokaci ne ya ɗaure ta ba.

Ranar da na sake ba su tatsuniyar, da na kai inda ƙaramar ta zauna wurin tsohuwa, sai na tsaya. Na hau gyaran mayafi ina kallon su. Shirun ya yi mini tsawo, ashe abin da Iya ke sha ke nan. Na hango Dije tana rubutu. Na ce a miƙo mini takardar. Ta bi hannu-hannu har ta iso gare ni. Na riƙe ta, na dube ta.

"Dije, ni ban iya karatu ba. Ko juye take a hannuna ban sani ba. Kuma ranar nan da kika tambaye ni, ba rashin kunya kika yi ba, ni ce ban san amsar ba, na huce a kanki. In ba ki karanta mini wannan da bakinki ba, haka zan tafi da ita gida."

Ba wanda ya yi dariya. Ta taso ta karɓa. Ta karanta ƙasa-ƙasa, na ce ni tsohuwa ce, ta ɗaga.

"Me ya sa tsohuwar ba ta gaya wa babbar ma'anar waƙar ba, tun da ta ga ba za ta tambaya ba?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata."

Tun daga ranar nake juya tambayar nan. Wani lokaci in ce da Iya ta zaunar da ni ta faɗa mini da ƙarfi, da ban kai tsufa ina rera abin da ban sani ba. Wani lokaci kuma in ce ta faɗa, sau nawa, duk sanda ta tsaya gyaran wutar da ba ta bukatar gyara, ni ce nake jiran ta gama in kwashi waƙa in gudu. Ba ladabi labarin ke koyarwa ba. Na koyar da shi a karkace ga 'ya'ya da jikoki, kuma ba duka zan iya tarawa in gyara ba.

Dije ta kwafe tambayar a littafinta, ta bar fili a ƙarƙashi. Yanzu duk Asabar, kafin in gama cire takalmi, daga can bayan rumfa take ɗaga murya, kowa yana ji.

"Hajiya, kin samo?"