Fuskar da ta kwaikwayi Baba

Shekara biyu na yi ina zana fuskar wani mutum-mutumi da zai riƙa tuna wa marasa lafiya shan magani. Ni na yi girar, ni na yi leɓen. Oganmu na wurin aiki, wanda ko akuya bai taɓa jinya ba, ya kafe lallai fuskar ta riƙa kwaikwayon wanda ke gabanta: ka yi murmushi ta yi, ka ɓata rai ta ɓata. Wai haka ake nuna tausayi. Ban yi musu ba, har yaba dabarar na yi, kuma wannan ne ke ƙona min rai har yau.

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, na roƙa aka ba ni guda na kawo gida Potiskum. Baba dillalin shanu ne, mutumin da in ya ɗaga murya a kara, kasuwar shanu, sai an jiyo shi daga bakin titi. Yanzu bakinsa ya karkace hagu, ido ɗaya ya ƙanƙance. Na dasa abin a gabansa ina ta rawar kai, sai ka ce na kawo masa likita daga Masar.

Mutum-mutumin ya gaishe shi da Hausa. Baba ya yi ƙoƙarin murmushi. Sai na ga leɓen da na zana da hannuna ya ja hagu, ido ɗaya ya tsuke. Tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

Baba ya daɗe yana kallo. Inna ta jawo ni tsakar gida, ta ce wata uku ke nan da ta kwashe duk madubin gidan don kada ya ga kansa.

Na kira oga ina kuka. Ya ce abin sha'awa ne, in sa a rahoto. Rahoton uban wa? Na kashe wayar kafin bakina ya raba ni da aiki.

Da na koma ɗaki, Baba ya rufe rabin fuskarsa da gefen bargo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A hankali, da harshensa mai nauyi, ya ce, "Uwata, haka nake?"

Na ce injin ne ya lalace.

"A'a," ya ce. "Aikinki ne. Ke kuwa ba kya aikin banza."