Tagar Frau Kowalke

Shekara talatin da ɗaya Frau Kowalke tana haya a ɗakin ƙasa na gidanmu a birnin Essen, ni ina samanta. Tela ce, tana rage tsawon wando da sauya zif, da wannan aikin take cike giɓin fanshonta. Ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. Ko injin wanki ba ta bari yana aiki ta fita zubar da shara, wai takardar inshorar kayan ɗakinta ta hana. Ta haddace takardar nan kaf.

Amma kamar kowannenmu, ba ta iya kwana ta tashi ba ta ba ɗaki iska ba. Wata Talata da safe ta karkato tagar kicin ta ɗan buɗe daga sama, ta leƙa gidan burodi. Minti goma sha biyu. Ta dawo ta tarar an zura hannu an buɗe, an ɗauke keken ɗinkinta da zoben marigayi mijinta. Da 'yan sanda suka tambaye ta yadda ta bar tagar, ta ce ba ta tuna komai ba.

Ta hau wajena. "Frau Dombrowski, na shiga uku! A wajen 'yan inshora karkatacciyar taga buɗaɗɗiya ce. Ba za su biya ba. Da me zan sayi wani keken?"

"Haba, ke da wayonki," na ce. "Wa ya gani? Ki ce ɓalle ta aka yi."

Ni da kaina na ɗauko sukundireba na kankare katakon tagar, ita tana tsaye ta toshe baki. Har yau ina jin haushin kaina.

Kwana uku ba ta iya cin abinci ba. Ran Juma'a mai binciken kamfanin inshorar ya zo, wani dattijo mai sanƙo. Ya shafa katakon da yatsa, ya fita ya duba ta waje, ya dawo. Sai lokacin na gane aika-aikar da na yi.

"Ikon Allah," ya ce. "Ɓarawon nan daga cikin kicin ya ɓalle tagar?"

"A karkace na bar ta!" Ta fashe da kuka. "Ni na bar ta. Don Allah kada ku kai ni kotu, ko tarar mota ba a taɓa ci na ba."

Ya dube mu. "Yau na manta tabarauna, Frau Kowalke, ban ga an kankare komai ba. Zan rubuta abin da kika faɗa yanzu."

Ta yi ta godiya har bakin ƙofa. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo cewa ba za a biya ba. Ta kwashe wandunan mutane goma sha ɗaya a jaka, ta bi gida-gida tana mayarwa tana ba da haƙuri. Na ce bari in taya ta ɗauka, ta ce a'a, taimakona ya isa haka.