Shanun Laka a Juji

Dawowata daga rijiya ke nan na tarar da yarana, Ummi da Sadiku, suna kuka a gindin rumbu.

Tunda aka yi hutu nake zaunar da su muna ƙera shanun laka, don kada su fita titi babur ya buge su. Ashe ƙanwar maigidana da ta zo daga birni ce ta share su duka ta watsa a juji.

Na ce, "Haba Zainab, me ya yi zafi?"

Ta ce, "Ƙazanta ce, Maman Ummi. Ki ba su waya su yi kallo mana."

Waya! Wallahi raina ya ɓaci. Da hannuna na tone jujin, saniya ɗaya na samu, ƙahonta a karye. Ummi ta rungume ta a haka.

Jama'a, yaushe abin da yaro ya ƙera da hannunsa ya zama shara?