Ƙeyar Mai Aski

Kujera biyu ce a shagon, amma a kan ɗaya ake aiki. Akwai madubi uku, almakashi huɗu, injin aski biyu, da benci mai ɗaukar mutum biyar idan babu mai ƙiba a cikinsu. Mai shagon ba ya wasa da lokaci. Kafin ka gama ba shi labarin ƙwallon jiya ya kakkaɓe maka wuya ya kira na gaba. Duk layin an yarda babu mai hannu irin nasa. An kuma yarda babu mai munin ƙeya irin tasa.

Ta gaba kansa tsaf yake. Da ya juya sai ka ga tudu a nan, kwari a can, wani wurin kamar ɓera ya ɗanɗana ya fasa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ne ya laƙaba masa Mai Ƙeya, sunan kuwa ya bi shi.

"Mai Ƙeya, wa ya yi maka wannan ta'adin? Faɗa min mu kai ƙara."

"Wanda ya ɗinka maka wandon nan mai ƙafa ɗaya doguwa."

"To ni dai ba na yawo da nawa a bayan kai."

Kujera ta biyun ta babansa ce. A gefenta ya koyi sana'ar, kuma tun da ya buɗi ido hannun Baba kaɗai ya sani a kansa. Da ya girma sai suka mai da abin musaya. Idan mutane suka tsagaita da rana, Baba ya yi masa, sannan su sauya wuri ya yi wa Baba. Baba ba mai yawan magana ba ne. Ba ya cewa sunkuya, ba ya cewa juya. Babban yatsansa kawai yake ɗorawa a bayan kunnenka ya ɗan danna, kai ya tafi inda yake so. Idan ya gama ya hure maka wuya, ya ce, "Tashi, ka zama mutum."

Rasuwar Baba ta haura shekara goma. Tun daga lokacin shi ke yi wa kansa, madubi ɗaya a hannu ɗaya a bango, yana nufin dama injin na tafiya hagu. Matarsa ta sha cewa ya kawo ta gyara masa, ya ce ta bari. Masu askin layin baya sun yi masa tayi, ya ce ba shi da lokaci. Bai taɓa faɗa wa kowa gaskiyar ba. Muryar Baba ta riga ta ɓace masa, yakan neme ta ya rasa. Fuskar sai ya duba hoto. Wannan yatsan ne kaɗai ya rage, yana kuma tsoron duk ranar da wani hannu ya sauka a wurin zai shafe shi. Ga shi ma ya fara dusashewa da kansa. Bara ya tsaya da inji a hannu, ya kasa tuna ko kunnen dama ne ko na hagu.

Da can abokan Baba su ke cika bencin. Suka riƙa raguwa har ya zama saura ɗaya, wani tsohon direban babbar mota. Gashin kansa ba zai yi wuyar ƙirgawa ba, amma ba ya fashin zuwa, kuma shi kaɗai ke zama a kujerar Baba ba a ce masa komai.

Wata rana da yamma ya shigo yana dogara sanda, shagon ba kowa.

"Ɗan aminina, ka yi na yau da kyau, shi ne na ƙarshe. 'Yata ta ce ba za ta ƙara barina ni kaɗai ba. Gobe za ta kwashe ni, kuma wurin da nisa."

Mai Ƙeya ya zaunar da shi a kujerar Baba. Ya ɗaura masa ƙyalle, ya shiga aski a hankali, shi da ba ya jan aiki. Har gashin ya ƙare yana bin wurin da almakashi.

"Baba Direba," ya ce, "wane kunne Baba yake dannawa?"

"Dannawa kuma?"

"Da babban yatsa. Idan yana so ka karkata."

"Au! Na dama mana." Tsohon ya shafa bayan kunnensa. "Ko na hagu ne? Kai, ni fa da ya ɗaura min ƙyallen nan barci nake yi."

Ya fashe da dariya, sai ya hango fuskar mai askin a madubi. Dariyar ta tsaya. Ya kwance ƙyallen da kansa, ya dafa hannun kujera ya miƙe.

"Zauna. Ba ni injin."

"Baba, hannunka rawa yake yi."

"Motar da ta fi shagon nan tsawo na tuƙa da hannun nan. Duka kan naka nawa yake?"

Mai Ƙeya ya yi niyyar cewa ba shi da lokaci, amma babu kowa a benci, gobe kuma babu wanda zai sake tambaya. Ya zauna. Fatar kujerar ta lotsa a inda Baba ya lotsar da ita. Ya runtse ido.

Yatsan ya sauka a bayan kunnensa na dama, da sanyi, da kaushi, yana kakkarwa. Ba shi ba ne. Nan take jikinsa ya faɗa masa ba shi ba ne, domin na Baba da ɗumi yake, yana ƙanshin sabulu, kuma ba a nan yake sauka ba.

"Sama kaɗan," ya ce.

"Nan?"

"Nan."

Tsohon ya danna, kan ya karkata. Injin ya hau ƙeya ya yi abin da ya ga dama. Da tsohon ya gaji ya kashe shi, ya hure masa wuya da ɗan numfashin da ya samu.

"Tashi, ka zama mutum. Haka yake cewa, ko? Wannan kam ban manta ba, da shi yake tada ni daga barci."

Washegari tela ya leƙo ya riƙe baki.

"Yau kuma mota ce ta bi ta kanka?"

"Direba ne," in ji Mai Ƙeya, ya ci gaba da shara.

Bai gyara ba. Matarsa ta roƙa, masu zuwa aski suka yi ta dariya, ya bar hanyar nan a ƙeyarsa tana rufewa a hankali. Yanzu ba mai zama a kujera ta biyu. Idan mutane suka tsagaita da rana yakan goge ta, ya zauna a kai, ya ɗora babban yatsansa a bayan kunnen dama, sama kaɗan. Yana nan zaune har sai wani ya yi sallama a ƙofa.