Ranar da Na Katse wa Kawu Waya a Alƙahira

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da Innata, muka kwana a Kano, washegari jirgi ya sauke mu a Alƙahira. Aikin ido muka je a yi mata. Idon dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu kuma inuwa kawai yake gani. Ga ciwon suga, ana yi mata allura safe da yamma kafin ta ci abinci. Ni nake yi mata, domin ba ta ganin layukan sirinji.

Waɗanda suka san ni sun san ni da fargaba. Fasfo ɗinmu na duba shi ya fi sau ashirin kafin mu kai Kano. Amma fawa bank ɗina, da na sa a caji don ya cika taf, a gida na baro shi kan tabarma.

Wani malami ɗan garinmu da ya daɗe yana karatu a can shi ya tarbe mu, ya kama mana ɗaki a unguwar Faisal, hawa na huɗu. Unguwar nan, 'yan uwa, ba a kwatanta ta. Gidaje dogaye na jan bulo, duk kamarsu ɗaya, lunguna a matse har rana ba ta sauka ƙasa. A ƙofar gidanmu akwai bawwab, wato mai gadi, wani tsoho mai zama kan kujerar roba. Burodinsu mai faɗi arha ne ƙwarai, a kan faranti na kara ake yawo da shi. Koshari kuwa, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, Inna ta ɗanɗana ta ce mai dafawar ce ta rasa wanda za ta zaɓa.

A ranar farko na ga abin da ban taɓa tunani ba. Cajata mai ƙafa uku ce irin tamu ta gida, soket ɗinsu kuma ramuka biyu ne zagayayyu. Malam ya ara mini tasa mai ƙafa biyu. Ya kuma sa mini alama a taswirar wayata, ya ce duk inda na ɓata in bi ta. Sunan layin bai zauna mini ba, ban kuma rubuta ba. Na dogara da alamar nan.

A kwana na biyar likita ya ce sai an kawo tsofaffin takardun asibitinta kafin aikin gobe. Mun manta su a gida, amma an riga an ba wani matafiyi, ya ajiye su a shagon wani dattijo a Hayyin Ashir, can ɗaya gefen birni. Malam yana da jarrabawa ran nan. Dole ni kaɗai.

Da hantsi na shirya. Inna ta ce in kulle ta ta waje, tunda ba ta gane wanda ke ƙwanƙwasawa. Na kulle, na sa makulli a aljihu, na ce kafin la'asar na dawo. Batir yana kashi sittin, domin tun safe dangi ke kira suna gaishe ta da jiki.

Kun san al'adarmu. In mutum ba shi da lafiya kowa sai ya gaishe shi, kuma yanzu ba a gamsuwa da murya, sai an ga fuska. Ina cikin jirgin ƙasa saƙonni suna ta shigowa guruf ɗin dangi, wannan addu'a, wancan bidiyon wa'azi. Taswira a buɗe, hasken waya a ƙure saboda rana, ina dubawa kowane minti don kada in wuce. Da na hau ƙaramar bas daga tashar Ramsis, inda yaran mota ke ihun "Ashir, Ashir", sai ga kiran bidiyo daga Kawu, yayan Inna. Wa zai ƙi ɗaga wa Kawu? Na gaya masa ina hanya, Inna tana gida. Ya ce ba komai, in nuna masa Masar. Na ɗaga waya ta taga. Ya ga gada, ya ga masallatai, ya kira matansa su ma suka gani, aka yi ta gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta yi zafi a hannuna kamar an sauke ta daga kasko. Da muka yi sallama, saura kashi goma sha tara.

Na fara neman inda zan sa caji. A masallacin da na tsaya azahar na hangi soket a bango. Na daɗe ina shawara da zuciyata: wutar masallaci ce, ban nemi izini ba, ban kuma san yadda ake neman izini da Larabci ba. Shin haƙƙi ne? Daga ƙarshe na ce lalura ce, zan sa sadaka a akwati. Na zura hannu a aljihu na ciro caja. Mai ƙafa uku ce. Ta Malam tana can jikin bango a Faisal.

Da ƙyar na gano shagon, kuka da kuɓewa busasshiya da turare yake sayarwa. Dattijon Bahaushen Sudan ne, Hausarsa gauraye da Larabci. Ya miƙo takardun, ya dube ni ya ce, "Ya zol, bawan Allah, lafiya? Ka yi fari kamar wanda ya ga gawa."

Na ce, "Baba, a taimaka mini da caji. Uwata na kulle a ɗaki, ba ta gani, allurarta kafin magariba, kuma ban san gidan ba sai da wayar nan."

Ya nuna fankar da ke tsaye cik. "Ma'alish, yi haƙuri, sun ɗauke wuta, sai bayan awa biyu." Ni da na ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. Awa biyu kuma ba ni da su.

Ya karɓi wayar, saura kashi goma sha biyu. Ya rage hasken har sai da na kare da tafin hannu kafin in ga rubutu. Ya rufe duk abubuwan da na bari a buɗe, ya kunna wurin tattalin batir, ya kashe data. Ya ce, "Ba tsufa ne kawai ya cinye batirinka ba, zumunci ne." Sannan ya duba alamar, ya rubuta mini sunan mahaɗar da zan sauka da Larabci a bayan kwalin shayi. Lungun ciki kam, ya ce taswirar ba ta nuna sunansa ba. "Kashe wayar ɗungum. Kwalin nan zai kai ka bakin titi. Can ka kunna, ka bi alama, kuma ko wa ya kira kada ka ɗaga. Yalla, tafi."

Dawowar nan ban ga komai na Masar ba. Cunkoso ya riƙe mu a kan gada, ina kallon rana tana sunkuyawa. Ina ta ƙiyasta Inna tana lalube ta faɗi, ko yunwa ta sa ta ci burodi ba allura, ko ta ƙi ci jiri ya ɗebe ta. Ko kira ba zan iya yi ba. Duk wanda na nuna wa kwalin sai ya gyaɗa kai ya nuna gaba, Allah ya saka musu.

La'asar sakaliya na sauka a mahaɗar. Na yi bisimilla na kunna waya: kashi tara. Ina buɗe data don taswira, saƙonni suka zubo, ta koma bakwai. Na fara sauri cikin lunguna, keke mai ƙafa uku na yi mini ham ta ko'ina. A kashi huɗu waya ta ɗau ruri. Kawu ne, hotonsa ya rufe taswirar baki ɗaya.

Tun da aka haife ni ban taɓa katse wa babba magana ba. Na danna ja, na katse kiran. Ya sake kira, na sake dannawa. Na uku ma haka, ina tafe ina istigfari. Taswira ta ce in karya hagu. Ina karyawa fuskar wayar ta yi baƙi.

Na tsaya a tsakiyar lungu, gidaje sun fi goma, duk iri ɗaya. Sai na ji murya, "Ya hajj! Nijeriya!" Tsohon bawwab ne a kan kujerarsa, yana ɗaga mini hannu. Ban san yadda na hau benen nan ba. Na buɗe ƙofa na tarar da Inna zaune kan sallaya da carbinta, ba ta taɓa abinci ba. Ta ce, "Wannan haki fa? Kare ne ya biyo ka?" Na zauna na ja allurar na yi mata.

An yi aiki lafiya, bayan mako biyu muka dawo Funtuwa, Inna tana gane fuskoki tun daga bakin zaure. Washegari na je na durƙusa gaban Kawu na ba shi haƙuri. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce da na ɗaga wayar nan Inna ta sami matsala, da shi da kansa zai zane ni.

Abin da na koya: in za ku ƙasar waje ku tambayi irin soket ɗinsu. Ku rage haske, ku kashe data in ba amfani kuke yi ba, kada ku bar waya ta gasu a rana, gaisuwar bidiyo kuma ta jira sai an zauna kusa da bango. Mafi girma, ku rubuta adireshin masauki a takarda tun ranar farko. Kwalin shayin nan yana nan cikin fasfona, kuma har yau in na ga batir ya sauka ƙasa da ashirin, sai in ji kamar na kulle wani a ɗaki.